Tutocin da Ba Sa Dawowa

Tun ranar da babbar mota ta kusa take jikanta, Tsuyako ba ta sake samun sukuni ba. Ita ta matsa wa ƙungiyar unguwa lamba sai da aka ɗaura gwangwani a kowane gefen titi, aka cika su da ƙananan tutoci ruwan ɗorawa. Mai tsallakawa ya ɗauki tuta ya ɗaga wa direbobi, in ya ƙetare ya jefa a ɗaya gwangwanin.

Sai dai kullum da safe gwangwanin gefen gidaje wayam yake. Yara sukan tsallaka da tutocin zuwa makaranta, amma in an tashi ta gadar sama suke dawowa, don akwai mai gasa dankali a gindinta. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, duk a banza.

Shi ya sa tun kafin yara su fito tana bakin titi, tana leƙen hagu da dama, ƙafa ɗaya a kwalta. Da ta ga sarari sai ta ruga ta kwaso tutocin.

Yau Genzo, tsohon nan mai gyaran keke, yana ƙofar shagonsa yana kallo. Ya kira sunanta haɗe da "san" na girmamawa, kamar yadda aka saba a garin.

"Tsuyako-san, sannu da gudu. Gwiwar ta warke ke nan?"

"Ka ƙyale ni, Genzo-san, yara sun kusa fitowa."

"Na ƙyale ki. Amma a duk unguwar nan, mutum ɗaya nake gani yana tsallaka titin nan hannu rabbana."

Ta dubi hannayenta. Wata mota ta wuce fuu, iskarta ta ɗaga gefen rigarta.