Riga a Cikin Jarida

Ina tsoron kunnuwana. Na san wannan ba irin tsoron da ya dace saurayi mai difloma ya furta ba ne, amma gaskiyar ke nan: duk abin da na ɓoye a ciki, su sai sun kai rahoto. Da zarar na san abin da wani bai sani ba, sai su yi jawur kamar an murza su. Mahaifiyata ba ta taɓa tambayata wanda ya shanye madara ba, gefen kaina kawai take dubawa.

Da irin waɗannan kunnuwa na kama aiki a wani ƙaramin kamfanin ɗinki a Patan, inda ba ma ɗinka komai sai rigar mama. Aikina shi ne fitar da samfuri: in zana, in yanka, in gwada a jikin mutum-mutumin da ke ɗakin gwaji. A makon farko da yatsu biyu nake ɗaukar kayan, kamar wanda ya tsinci mataccen ɓera. Phulmaya didi (didi shi ne yaya mace a wurinmu), shugabar mata masu keken ɗinki, ta gani, tun daga ranar ba ta sake kirana Nirajan ba, sai Difloma bhai, bhai kuwa ƙane ke nan.

"Difloma bhai, riƙe ta da kyau mana, ai ba ta cizo. Ko a makarantar taku da cokali ake ɗauka?"

Akwai kuma wadda kowa a kamfanin ke kira Tilak dai (dai shi ne yaya namiji), mai kai kaya shaguna a kan babur. A matsayin namiji na santa, kamar yadda kowa ya sani. Sunan da ta zaɓa wa kanta Anjila ne, da shi zan kira ta a nan, kuma sai da ta ba ni izini na ɗauki alƙalami. An san ta da abu biyu: ba ta makara, kuma ba ta rabuwa da wata jaket mai kauri, ko da rana ta take tsaka kowa na fifita da kwali.

Wata rana ana shan shayin la'asar a tsakar gida, ta leƙo ɗakin gwaji.

"Bhai, ina son a zaɓa wa ƙanwata guda ɗaya. Marar soso."

Na miƙe tsaye, domin ta girme ni. Na bayyana mata cewa ba a yin wannan aiki da ka. Ana bukatar awo biyu, ɗaya a ƙasan ƙirji, ɗaya a inda ya fi cika.

"Kamar jikina take," in ji ta.

"A yi haƙuri, Tilak dai, amma jikin namiji da na mace ba sa..."

"Nirajan. Kamar jikina take. Sak."

Ta mayar da ƙofa ta jingina da ita. Ni mutum ne mai jinkirin fahimta, sai da ta faɗa a fili. Ta ce ita mace ce, ta daɗe da sanin haka, kuma ta yi watanni tana shan magani a hannun likita, jikinta ya fara sauyawa. Da wani dogon ƙyalle take ɗaure ƙirjinta kowace safiya, ya ci mata fata a ƙarƙashin hammata, ga zufa, ga jijjigar babur a kan titin da duk ramuka ne. Babu wanda ya sani a gida, babu wanda ya sani a kamfani.

Na tambaye ta, cikin ladabi, me ya hana ta zuwa shago.

"Wane shagon? Daga Asan har Lagankhel wa ke sauke musu kaya? Kafin in gama cewa 'ta ƙanwata ce', mai shagon ya auna ni da ido, ya kuma aika wa Sauni gaisuwa."

Sauni ita ce mai kamfanin. Na ga ƙarfin hujjar.

"Ni kuma me ya sa aka zaɓe ni?"

"Saboda kai ko mutum-mutumin nan sai ka ce masa gafara kafin ka taɓa shi."

Na miƙa mata tef ɗin awo, na juya na fuskanci bango, har goshina na taɓa kalanda. Daga nan na riƙa ba da umarni: a cire ƙyallen, a tsaya a miƙe, a saki numfashi, kada tef ya karkace ta baya, kada a ja shi har ya nutse.

"Tamanin da shida," in ji ta.

Na dafa bango. "Dai... didi... wannan santimita ne, a juya tef ɗin. Ɓangaren inci nake so."

Ta yi dariyar da ban taɓa jin ta yi ba. "Sake faɗa."

"Ɓangaren inci."

"Ba shi ba, sakarai. Na farkon."

Na sake cewa didi, ina kallon watan da ke jikin kalanda.

Abin da take bukata ba ya cikin kayan da muke ɗinkawa. Namu duk na ɗagawa ne da fitarwa, ita kuwa mai riƙewa take so, wadda ba za ta nuna a ƙarƙashin riga ba. Na samo yadi mai laushi launin fata, na yi mata faffaɗan maɗauri, babu waya, babu ƙugiya a baya da za ta yi tudu, na mayar da ɗinkin duka ta waje don kada ya goge inda ya riga ya yi rauni. Da hannuna na ɗinka a lokacin cin abinci. A nan Phulmaya didi ta kama ni.

"Iye! Wannan ba samfurinmu ba ne. Kai, ku zo ku ga ɗinki kamar na amarya!" Ta kalli gefen kaina. "Ga su nan sun kunnu. Difloma ya yi budurwa!"

Mata suka bar kekuna suka taru. Aka tambaye ni sunanta, da unguwarsu, da ko ta iya naɗa momo, ƙullin fulawar nan mai nama a ciki, da yadda aka yi na san awon tun ba a kai goron tambaya ba. A karon farko a rayuwata kunnuwana suka yi mini aiki: sun tabbatar akwai magana, amma sun nuna hanyar da ba ita ba. Anjila ta wuce da kwali a kafaɗa, ta ce, "Ku ƙyale yaro ya ji da abin da ke damunsa," ba tare da ta dube ni ba.

Rigar ta zauna daidai. Na gane haka ne ba da an faɗa mini ba, sai don na ga ta daina dafe haƙarƙari idan ta sauko daga babur.

Ana nan sai bikin Dashain ya matso. Al'adar kamfanin ce tun zamanin marigayi mijin Sauni a ɗinka wa kowane ma'aikaci sabuwar riga, kuma tela ɗaya ne ke yi, wani tsoho da ake kira Masta Dhan Bahadur. Mata ba a auna su: kowace takan kawo tsohuwar rigar da ta yi mata daidai, a naɗe cikin jarida, Masta ya ɗauki awo daga jikinta a shagonsa. Mu maza kuwa a tsakar gida ake jera mu, kowa daga shi sai singileti. Masta kunnensa ya yi nauyi, saboda haka da ƙaraji yake faɗin kowane awo, tare da sharhi, mata na daga inuwa suna tafi. Bana Sauni ta ce tun da akwai mai difloma a gidan, ni zan tsara komai.

Anjila ta same ni a bakin famfo. "Zan ce ba ni da lafiya."

"Bara da zazzaɓi ya kwantar da mai gadi, an ce har gida Masta ya bi shi da tef."

"To zan ajiye aikin."

Ta faɗe shi a hankali tana wanke hannu, na kuwa san ba wasa take yi ba. Shekarunta a kamfanin sun fi na kowane namiji, abin da ke nufin ita ce ta farko a layi.

Na kwana biyu ina tsara jawabi. Na yi tunanin in ce tef ɗin Masta ya saki, amma hakan ƙazafi ne ga dattijo. Na yi tunanin in ce ni zan auna kowa a ɗakin gwaji, amma Masta ba zai yanka yadi da awon wani ba, ya sha faɗa. A safiyar ranar ina shirin fita na ga mahaifiyata na naɗe wani abu a jarida, sai na koma ɗaki na ɗauko farar rigata ta ranar karɓar difloma.

Aka jeru. Masta ya rataya tef a wuya ya buɗe baki: "Na farko! A cire wannan bargon!"

Hannun Anjila na kan zif ɗin jaket. Ni, wanda ko a layin mota ban taɓa tsallake kowa ba, na ratsa na tsaya a gabanta, na miƙa wa Masta ƙunshina da hannu biyu.

"Mene ne wannan? Kifi?"

"Rigata ce, Masta-ji. Ta yi mini daidai."

"Me?"

"RIGATA CE!"

"To cire wadda ke jikinka!"

"Ina neman afuwa, ba zan cire ba."

Tsakar gida ta ɗauka. Phulmaya didi har da riƙe ciki. "Difloma na son a yi masa irin namu! Me kake ɓoyewa, bhai, haƙarƙarin kaza?"

"A'a, sunan yarinyar ya rubuta a ƙirji," in ji wata.

"Ku dubi kunnuwan! A kawo masara mu gasa!"

Na ji kunnuwan suna huci, amma na tsaya. Sai Gokul dai, mai ɗaure kwalaye, wanda tumbinsa ke zama labarin kowace shekara, ya yi gyaran murya. "Ni dai in ana karɓar riga, ina da guda a jaka. Bara har matata sai da ta ji an ƙara mini inci uku, tun kafin in isa gida."

"Huɗu ne!" in ji Masta, wanda hakan ya ji sarai.

Sauni ta leƙo daga bene, da kofin shayi a hannu. "Wai hayaniyar me nake ji? Nirajan, na ba ka aiki ko na ba ka wasan kwaikwayo? Yaya za a yi?"

Ban waiwaya ba, amma ina jin numfashin Anjila a bayana. Na gyara tsayuwa, na haɗa hannuwana a gaba kamar ranar jarrabawar baki, na ɗaga murya yadda ko Masta ba zai ce a maimaita ba.

"Sauni-ji, tun da an damƙa mini tsarin, ga abin da na yanke. Daga bana babu wanda za a tuɓe a tsakar gidan nan, babu awon da za a faɗa da ƙarfi. Mace da namiji, kowa ya kawo rigarsa gobe a cikin jarida. Wanda kuma ke da sauran dariya, ga kunnuwana nan, a yi da su."