Na Ɗaya a Wurin Kofur Maiwada

Kofur Maiwada na cikin bai wa ƙwallo iska da famfon keke, ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa, sai ga Inuwa Tela ya faɗo rumfar yana haki.

"Ya iso," in ji Inuwa. "Yana gidan Sarkin Tasha yana cin abinci. Wani dogo ne mai tabarau, Malam Ashafa sunansa."

"To, sannunsa da zuwa. Kai kuma ina kwana, tunda gaggawa ta hana ka gaisuwa?"

Inuwa ya yi dariya ya tsuguna. Suka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da yadda rake ya yi bana, sannan ya jawo benci ya matso kusa, ya rage murya.

Shekara ta biyu ke nan da samun mulkin kai, ƙwallon ƙafa kuwa ya kama samarin ƙasar Makarfi kamar wutar kara. Maiwada ne ya kunna ta. A soja ya koyo wasan, da ya dawo daga yaƙin Bama ya buɗe rumfar gyaran keke a bakin kasuwa, yana gama aiki sai fili. Shi ya kafa 'yan ƙungiyoyin Hunkuyi da Likoro, yakan hau keke ya je ya duba su, wanda ya ga ya nuna sai ya jawo shi babbar ƙungiya ta Makarfi. Kowa ya san idonsa. In ya ce yaro zai yi, to zai yi.

Yanzu kuma wata masaƙa a Kaduna mai ƙungiyar ƙwallo ta aiko mutum neman ɗan wasa guda. Wanda aka ɗauka ya sami aiki, ya sami ɗaki, ya sami albashi.

"Kofur, magana ɗaya ce ta kawo ni," in ji Inuwa, wanda shi ke ɗinka wa ƙungiyar riguna kyauta. "Juma'a ta sama muna da Ikara. Tun da aka fara gasar kofin nan ba mu taɓa cin su ba. Bana Allah Ya ba mu Ya'u. In baƙon nan ya gan shi, gobe da safe zai saka shi a mota."

"Ina jin ka."

"Ka ba shi Iliyasu. Ai ba ƙarya ka yi ba, Iliyasu ɗan wasa ne. Ya'u kuwa ka ajiye shi a gefe yau. Ba a ce har abada ba, baɗi ma shekara ce. Ba ni kaɗai ba ne, dattawa ne suka turo ni."

Maiwada ya zare bakin famfon, ya tura bakin robar ciki, ya ɗaure igiyar ƙwallon. Shi ma kofin nan yana ransa. Bara a Ikara har waƙar zambo aka yi masa, yara na bin kekensa suna tafi. Ya buga ƙwallon da ƙasa, ta dawo hannunsa daidai.

"Ka ce musu na ji," ya ce.

Bayan la'asar filin makaranta ya cika. An kafa gora an ɗaura raga, masu rake da masu gyaɗa sun jeru a gindin ɗorawa, wani makaɗi daga Kudan yana gwada kalangunsa. Malam Ashafa ya iso da buhu a bayan wani ɗan dako, aka zazzage, sai ga takalman ƙwallo baƙaƙe masu ƙusa.

"A Kaduna ba a buga ƙwallo da tafin ƙafa," ya ce. "Duk wanda zai shiga ya saka."

Samarin Makarfi da na Hunkuyi wasunsu sun taɓa sakawa. Suka yi ta zaɓe ana dariya. Maiwada ya raba su gida biyu, ja da kore. Da ya zo kan Ya'u, wani siririn saurayi mai aikin matsar rake a Likoro, sai ya kau da kai.

"Kai ka kula da ruwan sha."

"To, Baba Kofur," in ji Ya'u, ya ɗauki tulu ya nufi rijiya.

Aka busa usur. Maiwada ya tsaya kusa da baƙon, hannayensa a baya irin na soja, yana yi masa bayanin mutanensa ɗaya bayan ɗaya, ba ƙari ba ragi.

"Wancan mai gudu a gefe Sani ne, ɗan Hunkuyi. Ko barewa sai ta yi da gaske. Amma ƙafarsa ta hagu ta taka fedar keke ce kawai. Golan nan Lawal, hannunsa kamar danƙo, sai dai in aka ci shi ɗaya zuciyarsa ta mutu, sai ka ga na biyu ya biyo. Gambo kuwa, na baya, katanga ne, amma fushinsa a bakin hanci yake."

"Mai lamba tara fa?"

"Iliyasu. Duba dai."

Bai rufe baki ba Iliyasu ya karɓi ƙwallo da ƙirji, ya juya, ya ɗirka ta. Ta shige raga, sai da gorar ta girgiza. Fili ya ɗauki ihu, kalangu ya kama kirari. Kafin hutun rabin lokaci ya ƙara ta biyu da ka. Malam Ashafa ya cire tabarau ya goge, yana gyaɗa kai. Daga can cikin taro Inuwa ya ɗago wa Maiwada hannu.

Da aka tafi hutu Ya'u ya zagaya da ƙwarya yana shayar da 'yan wasa. Ya kawo wa Maiwada, ya rusuna.

"Baba Kofur, ka gaya wa kore su daina bin Iliyasu su biyu. Duk sanda suka bi shi tsakiyarsu a buɗe take."

"Na gani."

Ya'u ya dubi ƙwaryar. "Kuma ban ji haushi ba, Baba. Da zan fito Inna ta ce mini, in ba a saka ka ba kada ka ɓata rai, Kofur ba ya tauye wa ɗan wani haƙƙi. In ya ajiye ka, to ba ka kai ba ne tukuna."

Ya karɓi ƙwaryar ya wuce.

Maiwada ya bi shi da ido. Ya san gidan da ake magana. Uban Ya'u ya rasu, shi ke bin doki yana zagaya injin rake tun safe har rana ta karya, a ba shi 'yan curin mazarƙwaila ya kai wa uwar ta sayar. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya yadda yake yi a fareti.

"Ya'u! Ajiye tulun nan. Saka takalmi, ka shiga tsakiyar kore."

Inuwa ya ratso mutane ya kama hannun rigarsa. "Kofur, me ke nan? Ba haka muka yi ba."

"Sake ni, Inuwa."

Takalmin da ya rage a buhu ya fi ƙafar Ya'u girma, shi kuwa tunda aka haife shi bai taɓa saka abin da ya wuce takalmin fade ba. Ya cusa tsumma a ciki ya shiga fili yana ɗaga ƙafa kamar mai tafiya cikin fadama. Ƙwallon farko da ta zo masa ta bi ta ƙarƙashinsa ta wuce. Ta biyu ya taka ta ya zube. Mutane suka fashe da dariya, wani ya ce a mayar da shi wurin dokinsa. Sau ɗaya ya ɗago kai, ya tura ƙwallo wani wuri da babu kowa, ta yi ƙarfi ta fice waje. Bayan ta wuce ne ɗan gaban kore ya iso wurin a guje. Haka aka yi ta yi har aka tashi.

Inuwa ya dawo fuskarsa wasai. Ya raɗa wa Maiwada a kunne, "Kai, Kofur, ashe dabara ce! Ka fi mu wayo. Ga shi ka saka shi, ba mai cewa ka ɓoye shi, kuma ya zauna mana."



Rana ta yi ja. 'Yan wasa suka zauna a ƙasa suna kwance takalma, dattawa suka kewaye. Malam Ashafa ya gyara tabarau.

"To, Kofur, na ga abin da na gani. Amma an ce mini kada in yanke sai na ji daga bakinka. Jera mini su."

"Daga ƙasa zan faro," in ji Maiwada. "Gambo, sai ya koyi haƙuri. A samansa Lawal. A samansa Sani, in ya farkar da hagunsa zai wuce nan. Na biyu Iliyasu."

Iliyasu, da ke murmushi yana jiran sunansa a ƙarshe, ya ɗago kai.

"Na biyu?" in ji Malam Ashafa. "To, wane ne na ɗaya?"

"Ya'u na Likoro."

"Wanda ya yi ta faɗuwa?"

"Shi."

Wani dattijo ya yi salati. Inuwa ya ce, "Kofur, ka ji tsoron Allah, kowa ya ga wasan yaron nan yau."

"Kowa ya ga takalmi, ba wanda ya ga yaron." Maiwada ya juya ga baƙon. "Malam, ka tuna ƙwallon da ya tura ta fita waje? Ina ta bi?"

Malam Ashafa ya yi tunani. "Tsakanin 'yan baya biyu."

"Wa ya iso wurin daga baya?"

"Ɗan gabansu."

"To, kafin ɗan gaban ya san zai je can, Ya'u ya riga ya sani. Ƙafar ce ba tasa ba yau. Iliyasu na ganin raga, kuma yana cin ta, ban rage masa komai ba. Ya'u kuwa fili duka yake gani. Takalmi wata guda ya isa mutum ya saba da shi. Ido kuwa ba a sayar da shi a kanti."

"Me ya sa ba ka saka shi tun farko ba, in haka ne?"

"Muna da wasa da Ikara, na so in riƙe shi. Wannan tsakanina da mutanen garinmu ne. Kai dai ka tambaye ni na ɗaya, na gaya maka."

Malam Ashafa ya dubi Ya'u, wanda ke zaune yana duba ƙafarsa da ta yi bororo, bakinsa a buɗe don mamaki. Ya dubi Iliyasu. Ya sosa ƙeya.

"Manaja zai tambaye ni, me ya sa na bar mai ci biyu na kawo mai faɗuwa."

"Ka ce Kofur Maiwada na Makarfi ne ya ce. In damina ta faɗi bai zama abin da na gaya maka ba, ka dawo mini da shi, kuma kada ka ƙara tako garin nan neman shawarata."

Ladan ya fara kiran magariba. Baƙon ya daɗe yana kallon fuskar tsohon sojan, yana neman inda shakka take, bai samu ba.

"Ya'u ya je ya sallami mahaifiyarsa," ya ce. "Motar safe za mu bi. Ya riƙe takalmin, a can a sauya masa."

Taro ya watse ba kiɗa. Inuwa ya kaɗe rigarsa ya ce, "Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi," ya yi gaba bai waiwayo ba.

Washegari da hantsi, bayan motar Zariya ta tashi da Ya'u, Maiwada ya buɗe rumfarsa. Masu wucewa da suka saba tsayawa su gaishe shi yau ɗaga hannu kawai suke yi, wasu ko hakan babu. Bai damu ba. Ya kifa wani keke, ya cire taya, ya tsoma tub a kwanon ruwa yana neman inda ya huje.

Inuwar mutum ta faɗo kan kwanon. Iliyasu ne, idanunsa jajur. Ya yi sallama, ya gaida shi a daƙile, ya tsaya ƙerere.

"Baba Kofur, a gaban mutane ka ce ni na biyu ne."

"Na faɗa."

"Har yanzu kana nan a kan bakanka?"

"Ina nan."

Maiwada ya zaci zai juya ya tafi, ƙungiyar ta rasa biyu ke nan a kwana ɗaya. Amma saurayin ya daɗe a tsaye, yana murza yatsun hannunsa.

"Abin nan da ka ce yana gani," ya ce a hankali, "ana koyonsa?"

Maiwada ya ɗago ya dube shi sosai, irin duban da yake yi wa sabon yaro a fili.

"Wasu suna koya. Yau da la'asar a tsakiya za ka tsaya, kuma ko raga ta buɗe maka baki ba za ka buga ba, sai dai ka ba wani. Za ka ji haushi, za a yi maka dariya."

"Ikara fa?"

"Wataƙila su ci mu."

Iliyasu ya tattare wandonsa ya tsuguna, ya kama ɗaya gefen tub ɗin ya danna shi cikin ruwa, suka zuba ido tare suna jiran kumfa ta taso.