Wutar da Fadilu Ya Sa Aka Kashe

Fadilu tela ne a kasuwar Gure, amma da ɗari ya shigo, masu ɗinki ba sa ganinsa a ƙarshen sati. Sai ya lulluɓe keken ɗinki da tsumma, ya ɗaure kyamara da ƙafafunta uku a bayan moto, wato babur ɗinsa, ya nufi ƙauye. Kyamarar tsohuwa ce, wani ɗan uwansa ya zo masa da ita daga Libiya, kuma taurari yake ɗauka da ita. A cikin gari fitilun sola sun cinye duhu, shi ya sa yake bin Bune da Alakos da ƙauyukan gindin duwatsun Kutus, inda sama ke saukowa har kusa da hular mutum.

Ko'ina ya je ana karɓarsa, ana kuma yi masa dariya in ya ba da baya. Gida ɗaya ne ba a yi, gidan Malam Burahima, aminin marigayi mahaifinsa, a wani ƙauye gaba da Kelle. Tsohon yakan jawo tabarma ya zauna kusa da shi, ya leƙa ɗan gilashin kyamarar, ya ce Allah mai iko. Tun rasuwar mahaifinsa, nan kaɗai Fadilu ke shiga ya ji shi ɗa ne. Da ya rasa wannan gida, gara ya rasa kyamarar.

Wata Juma'a ya iso da magariba ba tare da ya aiko ba. Aka kawo tuwo, aka yi isha'i, ya kafa kyamara a filin ƙofar gida. Sama ta wanke tas, Kaza da 'Ya'yanta sun taso saman kai, irin yadda ya yi shekaru yana nema. Sai dai a bayan darni akwai wata babbar wuta tana ci, iska kuma tana kwaso hayaƙinta ta bi da shi ta kansa. Duk hoton da ya ɗauka sai ya fito jajaye-jajaye, taurarin sun dushe.

"Baba," in ji shi, "da za a ɗan kashe mini wutar can ta cikin gida. Ba zan daɗe ba."

Malam Burahima ya yi shiru, ya shafa gemu, ya ce ruwa ne ake dafawa. Fadilu ya yi dariya ya ce ai ruwa ba ya ƙonewa.

Abin da bai sani ba shi ne, Balkisu, 'yar farin tsohon, ta dawo gida haihuwa, kuma kwanan nan aka yi suna. Ruwan da ke kan wutar na wankan jegonta ne. Amalanken da ya tafi rijiya ne ya makara, shi ya sa wankan maraice ya kai har bayan isha'i. Malam Burahima kuwa tun da aka haifi Balkisu bai taɓa kama sunanta ba, don kunyar 'yar fari, balle ya buɗe baki gaban baƙo ya yi zancen wankanta. Kuma bai iya hana baƙo abin da ya roƙa. Ya tashi a hankali ya shiga ciki. Fadilu ya ji muryar mace ta ɗaga, ta sauka, sannan duhu ya rufe gidan.

Daga nan bai sake tuna kowa ba. Ya ɗauki hoto ɗaya, ya gyara, ya sake ɗauka, ya juya gabas, ya dawo. Tsohon na zaune cikin bargo. Kafin Fadilu ya ce ya gama, iska ta yi ƙarfi, sanyi ya kai ga ƙashi, ruwan kuma ya huce tuntuni. Ya kwanta a zaure yana murna.

Da safe muryar Gwaggo Ramatu ce ta ishe shi, ƙanwar Malam Burahima, wadda ke yi wa mai jego wanka. Tana watsa wa kaji tsaba a jikin darni, kuma da kajin take magana, da ƙarfi yadda zaure zai ji. Ta ce su ci su ƙoshi tun ba a ce su ma su daina motsi ba, don gidan nan yanzu na taurari ne. Ta ce ita tun tasowarta ba ta taɓa ganin an sauke wa mai jego ruwa don kazar sama ba, ga shi nan yarinya ta kwana tana rawar ɗari, jiki kamar garwashi, jariri ya ƙi kama nono. In sanyi ya shige ta, sai a kawo hoton a lulluɓa mata.

Fadilu ya tashi zaune a zaure. Ya tuna shirun tsohon, ya tuna dariyar da shi ya yi, kunya ta rufe shi har ya kasa ɗaga kai. Ya so ƙasa ta tsage, ko ya tura moto a hankali ya ɓace kafin a fito.

Bai samu ba, don Malam Burahima ya shigo da kwanon kunu. Fadilu ya durƙusa ya soma cewa wallahi bai sani ba. Tsohon ya katse shi da tambayar ko tayar moton nan sabuwa ce. Fadilu ya sake somawa, tsohon ya ce a nuna masa aikin jiya. Dole ya kunna kyamarar. Hoton ya fi duk wanda ya taɓa ɗauka, taurarin sun fito fes, kowace da shuɗin haskenta. Tsohon ya duba ya ce ya yi kyau, Fadilu kuwa ya kasa dubawa. Sai ya gane cewa neman gafarar ma wani nauyi ne, don zai tilasta wa dattijon ya ambaci abin da ba ya iya ambata.

Ya ce zai leƙa Kelle. Malam Burahima ya juya fuska wajen ƙofa.

"In ba zai zame maka wahala ba, ka biya gidan likita. Wata ce ba ta jin daɗi a ciki."

Fadilu ya je ya ɗauko malamar likita, wata mai suna Sa'a, ya tsaya a waje har ta gama. A hanyar mayar da ita ya daure ya tambaya ko rashin wankan ne ya jawo. Ta ce a'a, nono ne ya kumbura, da wanka da babu zazzaɓin zai zo, kuma ta ba da magani, zai sauka in sha Allahu.

Daga Kelle hanyar Gure a miƙe take, amma bai bi ta ba. Ya sayi damin itace ya ɗaure a baya, ya juya. Duk tsawon hanya yana juya maganar malamar a bakinsa, yana tsara yadda zai faɗa wa Gwaggo. Kafin ya ga rufin ƙauyen ya haɗiye ta. Ko me ya kawo zazzaɓin, shi dai an ce masa ana dafa ruwa a daren sanyi, bai tambayi na wane ne ba.

La'asar ta yi da ya iso. Gwaggo Ramatu ta tare shi a bakin zaure, ta dubi itacen, ta dube shi.

"Mai hoto, ka dawo? Yau kuma me za a kashe maka, rana?"

"Gwaggo, itace na kawo."

"Na gani, ba makauniya ba ce. Wa zai hura? Ni gwiwata ta gaji da hurawa ana kashewa."

Ya yi tsaye. Namiji, baƙo, a gindin tukunyar wankan jego, abin da za a yi shekara ana ba da labari ke nan a ƙauyen. Malam Burahima, da ke zaune a gefe, ya ɗauki butarsa ya ce bari ya leƙa masallaci, ko da yake an riga an sallame.

Fadilu ya cire hula ya sa a aljihu, ya sunkuci itacen ya bi ta ciki. Ya durƙusa gaban murhu, ya jera, ya kifa fuska yana hurawa. Hayaƙi ya cika masa ido, hawaye na zuba, mata na ƙyalƙyala dariya a bayan rumbu. Daga cikin ɗaki wata murya marar ƙarfi ta ce Gwaggo ta ƙyale Yaya Fadilu haka nan.

"Ke yi shiru ki sha kununki," in ji Gwaggo. Ta ture shi da ƙafa kaɗan. "Kai kuma ba ta nan ake hurawa ba, ɗan nan. Koma ta bayan iska. In ta kama, akwai tuwonka a zaure."