Sunan Ɗan Fari a Bangon Sakatariya

Ba don takardar shaida Suwaiba ta shiga ajin yaƙi da jahilci ba. Suna ɗaya tak take so ta iya karantawa.

Wata huɗu ke nan da 'yan bindiga suka tashi rugarsu a bayan Galadi, suka tafi da ɗanta na fari, ita kuma ta gangaro Kaura Namoda inda ba wanda ya san ta. Duk sanda aka sako wasu daga daji, sai a liƙa sunayensu a bangon sakatariya. Hukuma dai ta sauke nauyi, ta rubuta. Wanda bai iya karatu ba, shi ya jiyo.

Wata za ta tambaya a duba mata. Amma shekara ashirin da shida Suwaiba ba ta taɓa kama sunan yaron ba. Bafulatana ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta tsaya cikin maza tana cigiyarsa.

Malama Hafsat mai koyar da su tana da difloma da manhaja, manhajar kuwa ba ta isa harafin da Suwaiba ke bukata sai mako na bakwai.

"Inna, faɗa min sunan kawai in rubuta miki."

"Ke ko kunya ba ki ji, ɗiyar nan?"

"To mi zan rubuta? Wancan?"

Matan aji suka tuntsire da dariya. Suwaiba ta ja mayafi, ta ce wa ƙasa, "Mala'ikan da ke kai wa annabawa saƙo. Sunan shi gare shi."

Malama ta rubuta Jibrin a allo. Kwana tara Suwaiba tana zana shi, a littafi, a turɓaya da tsinke. Ta yi ta tunanin ko rubutawa ma faɗa ce, daga baya ta yanke cewa hannu ba baki ba ne.

Ranar da aka liƙa sabuwar takarda ta bi layi da yatsa. Ga shi! Ta ƙara ƙasa, ga shi kuma. Har uku. Kowanne da sunan uba a gabansa, baƙaƙen da ba ta sani ba. Uban nasa kuwa mijinta ne, marigayi, wanda shi ma ba ta taɓa kama sunansa ba.

Ta riga kowa zuwa aji.

"Malama, akwai wani annabi."

"Wane, Inna? Ai suna da yawa."

"Jero su a hankali," in ji Suwaiba, tana fiƙe fensir. "In kin zo kan shi zan yi tari."