Ɗinki Huɗu a Idon Auta

"Buɗe, Auta. Buɗe mana, sai ka ce yaro!"

Yaya ta danne masa goshi da tafin hannu, ta ɗage fatar idon da babban yatsa. Mai walda ne, furfura ta ci rabin gemunsa, amma a wurin yayarsa har yau Auta ne. Yana kwance rigingine kamar yadda likita ta ce, ƙafafunsa sai murza zanen gado suke. Tun safe idon ke masa kamar an zuba yashi. Ya kunna rediyo, ya kashe. Ya kira matarsa a wurin aiki, ta ce ya ɗiga magani ya yi haƙuri. Sai ya kira Yaya.

Dashe na biyu ke nan. A na farko an sa masa sabon tantani a kan baƙin idon, bai daɗe ba ya zame. Wannan karon likita ta kama shi da ɗinki huɗu. Ta ce idon ya sha wuya, ba zai riƙe da kansa ba, kuma in wannan ya zame kada ya sa rai da na uku. Ɗaya idon kuwa dishi-dishi yake gani da shi.

"Na gan shi! Gashin ido ne, ya kwanta a gefe. Su da karatunsu, sun rufe maka ido da gashi a ciki."

"Yaya, an ce kar a taɓa."

"An ce! Wa ya ce? Yarinyar da na girmi uwarta? Tun kana koyon walda wa ke cire maka ɓurɓushin ƙarfe? Da bakin ɗankwali na cire, da tsinken ashana na cire. Ka taɓa mutuwa?"

Bai taɓa ba. Kuma ƙaiƙayin ya kai masa har ƙeya. Ya gyara kwanciya, Yaya ta ɗauki hakan a matsayin to. Ta zaro ɗan hantsakinta na cire ƙaya, ta goge a zane, ta kama bakin abin, ta ja.

Abin bai taho ba. Idon ne ya biyo shi.

Ihun da Auta ya yi sai da maƙwabciya ta leƙo.

A cikin bas ya kifa tafin hannu a kan idon. Duk ramin da direba ya faɗa, sai ya ji kamar tantanin na sulalewa. Yaya tana ta faɗa da direba, da kwandasta, da wata mata mai buhu. Shi kaɗai ne ba ta kalla ba.

A asibiti likita ta ɗora haɓarsa a kan na'ura, ta haska idon. Ta duba shi da kyau.

"Wa ya ja zaren nan?"

"Ni na sosa," in ji Auta.

"Da hantsaki ka sosa, Baba?" Ta juya. "Mama, zo ki gani."

Yaya ta sa ido a madubin na'urar. Idon ƙaninta ya cika mata fuska, fal, kamar faranti. Ga zare uku sun kwanta lafiya, ƙulle tsaf. Na huɗun ya miƙe, gefen tantanin ya ɗan ɗaga a ƙarƙashinsa.

"Zan sake ɗinke shi yanzu. Ko zai kama, ko ba zai kama ba, ni ma sai na gani."

"Waɗancan fararen zane-zanen fa, na can gefe?" Muryar Yaya ta yi ƙasa.

"Tsofaffin tabo ne. Ƙarfe ya yi nasa, amma yawanci karce ne. An daɗe ana sa masa abu a ido."

Yaya ta ɗago. Ta gyara ɗankwalinta, ko da yake bai karkace ba.

Da la'asar suka fito, idon a rufe da bandeji. Suna tsaye a bakin titi wata babbar mota ta wuce, ta watsa musu ƙura. Yaya ta runtse ido ɗaya, tana ƙifta shi, ruwa na zuba.

Auta ya lalubo bakin rigarsa, ya murɗa shi ya yi tsini, kamar yadda ta koya masa.

"Kawo in gani, Yaya."

Ta riƙe masa hannu, ta mayar da shi ƙasa a hankali.

"Bar shi," ta ce. "Hawaye zai fitar."