Karen da Malam Sada Bai Sani Ba

Malam Sada ba ya ganin kare ya yi shiru. Ko daga nesa ya hango shi sai ya tattare riga, ya tofar da yawu, ya ce, "A'uzu billahi, ƙazanta!" Ni Indabo da nake toya waina a ƙofar masallacinmu na Zongo har na haddace wa'azin. Ashe duk cika baki ne. Mutumin yana da lambun salak a unguwar Tanghin, can yake kiwon wani jan kare tun yana kwikwiyo, har kan kifi yake sayo masa a kasuwar Sankaryaaré.

Na'ibin liman yake so ya zama. Liman Bahauddeen ya tsufa, gwiwa ta ƙi, ya ce ranar Juma'a zai faɗi wanda zai riƙa jan salla in ba ya nan. Malam Sada ya ɗinka shadda fara ƙal, ya rataya sabuwar Nokia a wuya kamar laya.

Ranar Juma'ar ya biya ta lambu, bai lura ba kare ya biyo ɗan babur ɗinsa mobilet. Yana sauka a gaban dattawa a ƙofar masallaci, sai ga ɗan tahalikin nan da gudu, harshe a waje. Wayyo murna! Ya yi tsalle, ya dafa ƙirjin shadda da ƙafafu duk laka, yana lasar hannunsa, yana kaɗa bindi har ƙugunsa na rawa.

Liman ya ce, "Sada, naka ne?"

"Wallahi, Allah gafarta Malam, ban taɓa ganinsa ba."

Don a yarda, ya sunkuya ya ɗauki dutse ya kwaɗa wa dabbar a ƙafa. Tir! Raina ya ɓaci, na kusa watsa masa man suya. Kare ya yi ƙara, ya ja baya, sai kuma ya dawo yana ɗingishi, bindin bai daina kaɗawa ba. Ya sake miƙewa zai dafa shi. Malam Sada ya ruɗe, baki ya suɓuce:

"Patron, assis!"

Kare ya zauna daram, yana kallonsa, yana jiran a shafa masa kai. Yau ga baƙon kare mai jin Faransancin Malam! Dariya ta ƙwace mini har waina ta ƙone.

Liman bai yi dariya ba. Ya ce, "Sada, karen gadin lambu ai halal ne, kai ma ka karanta. Da ka ce naka ne, da wanke riga kawai za ka yi. Amma ka rantse da Allah a ƙofar ɗakinsa." Ya juya ya ce ɗaya daga cikin dattawan, Malam Illiya, ya shiga gaba ya ja salla.

Da aka idar, kowa ya wuce Malam Sada ba ko gaisuwa. Wanda ya taso tarbarsa ɗaya ne tak, da ƙafa uku.