Dodo a Kafaɗa

A ajin yaƙi da jahilci na ƙauyensu, can bayan Wuse, an koya wa Hansatu boko ne don ta iya karanta takardar asibiti. Ita kuwa da hannunta ya faɗa, sai ta sayo littafin rubutu ranar kasuwa, ta duƙufa tana zuba labarin da ke sa tsigar jiki tashi. A 1964 ke nan, kuma ba wanda ya aike ta.

Labarin wata mata ce da ta taso daga gona da rana tsaka, ƙwaryar doya a kafaɗa, yadda kowace 'yar Gbagyi ke ɗaukar kaya. Da ta gifta ta gefen kurmi sai ƙwaryar ta fara nauyi.

To, kurmin nan shi ne matsala. Dodon da ke cikinsa sha'anin maza ne, kuma tun kaka da kakanni mace ba ta buɗe baki a kansa. Hansatu ta ba Malam James, mai koyar da ajin, ya duba mata kurakurai. Shi kuma bawan Allah magana ba ta kwana a cikinsa. Kwana biyu littafin ya isa hannun Yamusa, dattijon da ke kula da kurmi.

Da hantsi aka kira ta gindin ɗorawa. Ta tarar da dattawa zaune, an hura wuta, littafinta na wata uku yana hannun Yamusa, kuma ba ta da wani sai shi.

"Ke, kin yi maganan dodo," in ji Yamusa.

Ta durƙusa, amma ba ta sunkuyar da kai ba. "Baba, ban yi magana ba. Rubutu na yi. Wa ya ji muryata?"

Aka yi ta gunaguni. Cikinsu ba mai iya karatu, kuma Yamusa ba ya yanke hukunci a kan abin da bai ji ba. Ya miƙa wa James littafin ya ce ya karanta.

James ya gyara murya ya fara. "Sai ta ji numfashi a kunnenta, yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Abin ya kira ta da sunan yarinta, wanda uwarta kaɗai ke kiranta da shi, uwar da aka binne damina uku da suka wuce. Ya ce, kai ni gida. Ta duba ƙasa, ta ga inuwarta da kai biyu. Da ta iso ƙofar gida, 'yarta ƙarama ta fito a guje tana murna, ta miƙa hannu za ta taya ta sauke kaya."

James ya dakata. Wani dattijo da ya zo da fartanya rataye a kafaɗa ya lallaɓa ya sauke ta ƙasa.

"Ci gaba mana," in ji Yamusa.

"Nan ya tsaya, Baba. Saura farar takarda."

Yamusa ya karɓe littafin, ya juyo wajen Hansatu. "Yarinyar fa? Ta taɓa kayan?"

Tsoro kam tana ji. Amma haushin wutar nan da aka hura tun kafin a saurare ta ya fi tsoron yawa.

"Ƙarshen yana cikina, Baba. Sai dai mace ba ta buɗe baki a kan dodo, ku kuka faɗa. In kun ƙona littafin, yarinyar nan za ta tsaya a ƙofar gida da hannu a miƙe har abada, ba ruwana."

Yamusa ya dubi wutar, ya dubi littafin, ya daɗe yana motsa baki. Can ya ajiye shi a gabanta.

"Je ki gama."

Hansatu ba ta ɗauka ba tukuna. "Zan gama, Baba. Amma ranar da za a karanta, mata ma za su zauna a nan."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya dai ce wa James ya kawo ruwa a kashe wutar.